Farfaɗo da Tsohuwar Kwamfuta: Yadda Ake Gano Cutar Commodore 64 da Maganinta

Gabatarwa

A ɗakunan ajiya na gidaje da makarantu a ƙasashe da dama, akwai tsofaffin kwamfutoci da aka naɗe aka ajiye tun shekaru talatin ko arba'in da suka wuce. Duk wanda ya ci karo da irin wannan na'ura, abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne ya jona ta da wuta ya ga ko tana aiki. Wannan gaggawa ita ce ajalin da yawa daga cikinsu, domin na'urar da ta kwana lafiya shekara da shekaru tana iya ƙonewa cikin 'yan daƙiƙoƙi idan aka ba ta wutar da ba a auna ba. Asarar kuwa babba ce, saboda an daɗe da daina ƙera ainihin sassanta.

Wannan maƙala za ta bayyana matakan da masu gyara suke bi wajen farfaɗo da kwamfuta mai suna Commodore 64 tare da kayan da ke rakiyarta. Mai karatu zai lura cewa hanyar ta yi kama da wadda likita yake bi a kan majiyyaci: a duba, a auna, a yi zato, sa'an nan a gwada zaton kafin a ɗauki wuƙa.

Taƙaitaccen Tarihi

Kamfanin Commodore na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Jack Tramiel, ya nuna wannan kwamfuta a wani bajen koli a birnin Las Vegas cikin watan Janairu na 1982, aka kuma fara sayar da ita a watan Agusta na shekarar a kan dala 595. An ci gaba da sayar da ita har zuwa 1994, shekarar da kamfanin ya karye. Ƙiyasin yawan waɗanda aka sayar ya kama daga miliyan 12.5 zuwa miliyan 17, abin da ya sa ta shiga kundin Guinness a matsayin samfurin kwamfuta guda ɗaya da ya fi kowanne kasuwa.

Siffarta kamar ta keken rubutu ce. Duk injinta yana ƙarƙashin maɓallan rubutu, ana kuma jona ta da akwatin talabijin domin a ga abin da take yi. Ba ta da wurin ajiyar bayanai na dindindin a cikinta, don haka ana adana manhaja, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi, a kan kaset irin na rediyo ko a kan faifan maganaɗisu.

Sassan Jikinta

Ba a maganin jikin da ba a san tsarinsa ba. Idan aka buɗe na'urar za a ga faffaɗan faranti, wanda masu gyaran rediyo ke kira fanel, an shuka masa waɗansu baƙaƙen abubuwa masu ƙafafu jere, waɗanda su kuma ake kira aisi. Kowane aisi da aikinsa.

Mai lamba 6510 shi ne ƙwaƙwalwa, yana aiki da saurin bugu wajen miliyan ɗaya a daƙiƙa. Mai suna VIC-II shi ke zana hoto da launuka 16. Mai suna SID, wanda injiniya Bob Yannes ya tsara, shi ke fitar da sauti da muryoyi uku a lokaci guda. Akwai tagwaye masu suna CIA, masu lamba 6526, waɗanda ke kula da maɓallai da sandar wasa da na'urar faifai, wato su ne jijiyoyin da ke sada ta da waje. Sai kuma PLA, wanda yake kamar ɗan sandan kan hanya, shi ke yanke hukuncin wane aisi zai yi magana a kowane lokaci.

Ma'ajiyar wucin gadi, wadda ake kira RAM, tana ɗaukar bayit 65,536, wato kilobayit 64, kuma daga nan ne sunan na'urar ya samo asali. A samfuran farko aisi takwas ne suka haɗu suka yi wannan ma'ajiya. Tun da kowane bayit bit takwas ne, kowane aisi yana riƙe da bit ɗaya daga cikin kowane bayit. Saboda haka idan ɗaya ya mutu, babu bayit ɗin da zai tsira a duk faɗin ma'ajiyar.

Abokan Gaba a Ɗakin Ajiya

Na'urar da aka ajiye takan zama mazauni ga halittu iri-iri. Kyankyasai suna son wuri mai duhu da matsi, sukan bar kashi da kwanson ƙwai a kan fanel. Zanzaro yakan yi gini da laka a cikin ramukan jona wayoyi. Mafi ɓarna shi ne ɓera, domin baya ga gaigayar waya, fitsarinsa yana ɗauke da gishiri da sinadarin yuriya. Ƙwayoyin bakteriya suna narkar da yuriya ta koma amoniya, gishirin kuma yana jawo laima daga iska, su biyun sai su cinye siraran layukan tagulla da ke kai wuta daga aisi zuwa aisi. Inda aka ga tsanwan tabo a kan fanel, to tagulla ce ta ciwu.

Saboda haka aikin farko shi ne dubawa. Ana kwance kusoshi uku masu zare da ke ƙasan na'urar, a ɗaga murfin a hankali, domin 'yan ƙugiyoyin roba da ke riƙe da bayansa sun tsufa, suna saurin karyewa. Sai a share ƙura da burushi mai laushi, a goge fanel da auduga da sifirit mai suna aisofurofil, wanda ke bushewa nan da nan bai bar ruwa ba. A duba ko akwai wurin da ya ƙone, ko ƙafar aisi da ta yi tsatsa, ko kwandansa da ya kumbura. Duk abin da aka gani a rubuta shi a littafi.

Akwai wani haɗari da ba a gani da ido, wato lantarkin da ke taruwa a jikin mutum sakamakon gogayyar tufafi. Ɗalibai sun san ƙarar tas-tas da riga ke yi idan an cire ta da daddare a lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe. Mutum ba ya jin wannan tartsatsi sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali kuwa 'yan ɗaruruwan bolt sun isa su lalata aisi. Don haka mai gyara yakan taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ya taɓa fanel. A wannan na'ura tagwayen CIA ne suka fi shan wahala, saboda ramukan sandar wasa suna dab da makunnin wuta, kuma ƙusoshin cikinsu suna haɗe da aisin kai tsaye.

Akwatin Wuta

Commodore 64 tana shan wuta daga wani akwati mai nauyi da ke wajenta. Akwatin yana rage wutar gida ya fitar da iri biyu: bolt 5 na miƙaƙƙiyar wuta irin ta batir, mai alamar DC, da bolt 9 na wuta mai kai da komo, mai alamar AC. A yawancin waɗannan akwatuna an kwarara wani irin danƙo mai tauri ya rufe kayan ciki ruf, ta yadda zafi ba ya samun mafita sosai, gyara kuma ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Idan sashen da ke daidaita bolt 5 ya gaji, maimakon ya yanke wuta, sau da yawa sai ya saki wadda ta fi ƙima. Aisin RAM su ne farkon waɗanda ke mutuwa.

Wannan ya sa doka ta farko ita ce a auna akwatin shi kaɗai da mita kafin a kusantar da shi ga kwamfuta. Ya kamata layin bolt 5 ya tsaya tsakanin 4.75 da 5.25. A yi hattara kada tsinken mita ya haɗa ƙusoshi biyu na bakin wayar. Ko da awon ya yi daidai, tsohon akwati yakan canza hali bayan ya ɗauki zafi, shi ya sa masu gyara da yawa suke jingine shi su sayi sabo, ko su sa wata 'yar na'ura a tsakani mai yanke wuta da zarar ta haura.

Wajibi ne kuma a karanta rubutun da ke jikin akwatin. Wanda aka yi domin Amurka yana karɓar wajen bolt 120 ne, wutar gida a Nijeriya da Nijar da Gana kuwa tana tsakanin 220 da 240. Jona irin wannan akwati kai tsaye ƙone shi ne. Haka nan tsarin hoto ya bambanta: na'urorin Amurka suna bin tsarin NTSC, na Ingila da Jamus suna bin PAL. Idan tsarin na'ura bai dace da na akwatin talabijin ba, hoto yakan fito babu launi ko ya riƙa birgima, alhali kwamfutar lafiyarta ƙalau.

Karanta Alamomi

Bayan an tabbatar da wuta, sai a cire duk wani abu da ke jone da na'urar in ban da wayar wuta da ta hoto. Dalili shi ne kayan rakiya da suka lalace suna iya hana lafiyayyar kwamfuta tashi. Alal misali, sandar wasa da ta maƙale a rami na ɗaya takan sa haruffa su riƙa fitowa da kansu, saboda layukanta ɗaya ne da na maɓallai.

Lafiyayyar na'ura tana nuna shuɗiyar fuska da rubutu, ciki har da lamba 38911, wato yawan bayit da suka rage wa mai amfani, da kalmar READY, da wani ɗan murabba'i mai ƙiftawa a ƙasanta. Duk wani saɓani da wannan alama ce mai ma'ana. Idan lambar ta gaza 38911, ko fuskar ta cika da haruffa barkatai, zato yana kan RAM. Idan rubutu ya fito daidai amma murabba'in ba ya ƙiftawa, zato yana kan CIA na farko, domin agogon cikinsa ne ke tafiyar da ƙiftawar. Idan hoto ya yi kyau amma babu sauti, sai a nufi SID.

Alama mafi wuya ita ce baƙar fuska. Ta yi kama da zazzaɓi, wanda cututtuka da yawa ke haddasawa. Fitilar da ke kan na'urar tana nuna cewa bolt 5 ya iso ne kawai. A tsofaffin samfura, daga bolt 9 ake samar da bolt 12 da VIC-II da SID ke bukata, kuma a kan wannan layi akwai fiyus a cikin na'urar. Idan ya tsinke, fitila za ta kama amma hoto ba zai fito ba. Don haka a fara da fiyus da makunni, waɗanda suka fi araha da sauƙin gwadawa, kafin a zargi aisi.

Gwaji Ɗaya a Lokaci Ɗaya

Idan wuta ta isa ko'ina amma fuska na nan baƙa, akwai gwaje-gwaje uku. Na farko shi ne taɓawa da bayan yatsa jim kaɗan bayan kunnawa. VIC-II da SID sukan yi ɗumi bisa ɗabi'arsu, amma aisin RAM da ya yi zafin da ba a iya taɓawa cikin daƙiƙoƙi ya mutu. Na biyu shi ne cirewa: kwamfutar tana iya tashi ba tare da SID ba, don haka idan yana zaune a soket, sai a kashe wuta a zare shi a sake kunnawa. In hoto ya dawo, an kama mai laifi. Na uku shi ne amfani da wani ɗan akwatin gwaji na kamfanin mai lamba 781220, wanda ake cusawa a ramin baya. Yana iya aiki ko da na'urar ta kasa tashi da kanta, yakan kuma sa fuskar talabijin ta yi walƙiya fari sau da yawa. Yawan walƙiyar shi ke nuna bit ɗin da ya lalace, daga nan a san aisin.

PLA na cikin waɗanda suka fi yawan mutuwa a samfuran farko saboda zafi, kuma an ƙera madadinsa na zamani. Hanyar tabbatarwa ita ce a musanya shi da wanda aka san lafiyarsa. A nan ne ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje take aiki: abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. Wanda ya musanya aisi huɗu a tashi ɗaya, in na'ura ta tashi bai san wanne ne ya mutu ba, in ta ƙi tashi kuma bai san ko shi ya ƙara mata wata cuta ba. Haka nan ba a cire sashe mai lafiya don kawai ya tsufa, domin duk lokacin da aka ɗora ƙarfen narka dalma a kan tsohon fanel, layin tagulla yana iya ɓallewa. Idan dole sai an cire aisi, ana dasa soket a gurbinsa don kada a sake ƙona wurin nan gaba.

A kula kuma da lamba. SID iri biyu ne: 6581 yana shan bolt 12, 8580 kuwa bolt 9. Sa na biyun a gurbin na farko yana iya kashe shi.

Maɓallai

Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yar roba mai ɗauke da lantarki, wadda ke haɗa layuka biyu idan an danna. An jera layukan kamar saƙar tabarma, takwas a tsaye takwas a kwance. Wannan tsari yana taimakawa wajen ganewa. Idan maɓallan da suka ƙi aiki a warwatse suke, datti ne, maganinsa gogewa da sifirit. Idan kuwa rukuni ne na takwas da ke kan layi ɗaya suka mutu tare, to waya ce ta tsinke ko CIA ne ya taɓu.

Na'urar Kaset da ta Faifai

Na'urar kaset mai lamba 1530 daga kwamfutar take shan wuta, don haka ba a jona ta ko a cire ta sai an kashe wuta. Cutarta sananniya ce ga masu gyaran rediyo: bel ɗin roba ya saki ko ya narke, ko ɗan ƙarfen da ke karanta zaren kaset, wato hed, ya yi datti ko ya karkace. Sai a sa sabon bel, a goge hed, a daidaita shi da 'yar kusar da ke gefensa.

Na'urar faifai mai lamba 1541 kwamfuta ce mai zaman kanta, tana da ƙwaƙwalwarta mai lamba 6502. Tana juya faifai mai faɗin inci 5.25 sau 300 a minti, kowane gefe yana ɗaukar wajen kilobayit 170. Idan an kunna ta, koriyar fitila za ta kama, ja kuma ta kama na ɗan lokaci tare da juyawar mota, sa'an nan su tsaya. In mota ta ci gaba da juyawa jar fitila na kunne, matsalar tana kan fanel ɗinta. In ta wuce wannan gwaji amma ba ta karatu, a fara da goge hed, wanda ke fuskantar sama yana karanta ƙasan faifai, sa'an nan a ɗiga ɗan mai a kan sandunan da yake zamewa. A ƙasan gargaren da ke juya faifai akwai zanen layuka masu lamba 50 da 60. A ƙarƙashin doguwar fitilar lantarki irin ta da, a ƙasar da wutarta ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa, layukan 50 za su zama kamar a tsaye suke idan saurin ya yi daidai.

Fumfuna a Kan Faifai

Faifan maganaɗisu siririyar leda ce da aka shafe da garin tsatsar ƙarfe haɗe da danƙo, aka sa ta a riga mai shafi na ƙyalle a ciki. Idan laimar iska ta daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, kamar yadda takan yi da damina, irin fumfuna da ke yawo a iska, musamman dangin Aspergillus da Penicillium, yakan tsiro a kai. Zaruruwanta suna cin ƙura da maiƙon da ke kan faifan, laima kuma tana sassauta danƙon har garin ya fara zuba. Faifan da ya kamu yana shafa wa hed datti, hed kuma ya kankare faifai na gaba, tamkar yadda allura ɗaya ke yaɗa cuta tsakanin majiyyata.

Don haka ana juya kowane faifai da hannu a gaban haske a duba ko akwai farin tabo, a ware masu tabo daga masu lafiya. Mai wannan aiki ya rufe hanci da baki, domin shaƙar irin fumfuna yana tayar da asma. Faifan da ke ɗauke da abu mai muhimmanci ana kwafe shi tun a karatun farko, saboda mai yiwuwa shi ne na ƙarshe. Akwai na'ura mai suna ZoomFloppy da ke haɗa 1541 da kwamfutar zamani domin wannan aiki, akwai kuma SD2IEC mai maye gurbin na'urar faifai da katin ajiya irin na wayar hannu. Ana iya sayen wata kwamfutar idan wannan ta mutu, amma wasiƙa ko lissafi ko manhajar da wani ya rubuta da hannunsa, in ta goge ta tafi ke nan.

Gargaɗi

A cikin kwamfutar kanta babu wuta mai kisa, amma ainihin samfurin 1541 yana da tiransifoma a cikinsa, wutar gida tana shiga kai tsaye, don haka ba a buɗe shi yana jone. Tsohon akwatin talabijin mai ƙeya kuwa yana aiki da sama da bolt 20,000, yana kuma riƙe caji bayan an kashe shi. Wannan aikin ƙwararru ne, bai kamata ɗalibi ya buɗe shi ba.

Game da rawayar da robar jikin na'ura ke yi, iskar oksijin ce ke haɗuwa da robar da taimakon haske da zafi. Waɗansu suna shafa mata sinadarin haidurojin farokzayid su shanya a rana ta yi haske, sai dai rawayar takan dawo, aikin kuma yana iya barin dabbare-dabbare. Wanki da sabulu ya wadatar.

Kammalawa

Abin da ake bukata domin wannan aiki bai wuce mita da sukudireba da burushi da sifirit da littafin rubutu ba, sai haƙuri. Commodore 64 ta dace da koyarwa saboda sassanta manya ne, ana ganin kowanne da ido, ana iya bin layin wuta da yatsa daga wuri zuwa wuri, abin da ba ya yiwuwa a wayar hannu ta yau. Malamin da bai sami irinta ba yana iya amfani da tsohon rediyo mai kaset ya bi da ɗalibansa ta waɗannan matakai, ya sa kowannensu ya rubuta zatonsa da dalilinsa kafin a yi gwaji, bayan gwaji kuma ya rubuta abin da ya fito. Ɗalibin da ya saba da haka zai yi amfani da shi ko ya zama likita, ko injiniya, ko malamin gona. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin tsohuwar na'ura shi ne a ajiye ta a busasshen wuri, nesa da rana da ɓera, a kuma auna wuta kafin a kunna.